Yadda ake zana farar 'yar tsanar roba da makar fenti, daga wanki har feshin ƙarshe

Tun da na nuna ɗan Munny ɗin nan da na yi wa kai kalar shuni da dagi a ƙirji ake ta min tambayoyi kusan iri ɗaya, wace maka (alƙalamin fenti) ce wannan, ya aka yi fentin bai goge ba, ni na yi nawa sati uku kenan har yau yana danƙo. Na gaji da amsa wa mutane ɗai-ɗai, toh ga shi nan gaba ɗaya a jere yadda nake yi. Ga wanda bai taɓa ganin abin ba, Munny wani ɗan mutum-mutumin roba ne mai ƙaton kai na kamfanin Kidrobot a Amurka, ya fito a 2005, fari fat ba ido ba baki, an yi shi ne dama don wanda ya saya ya zana abin da ya ga dama. Funko ma suna da nasu farare, mace da namiji, sannan akwai marasa suna na Chaina birjik.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin mu fara. Robar nan, bainil, danginsu ɗaya da fayif ɗin PVC na famfo, sai dai an zuba mata wani sinadari da ke sa ta laushi, kuma sinadarin nan ba ya shiri da duk fentin da ke da mai a ciki. Duk wanda ya ce min nasa ya ƙi bushewa, in na bincika, nan ne matsalar.

1. Kayan aiki da abin da za su ci maka

Maka ita ce gaba. Wadda kake nema ita ce makar fenti ta ruwa, wato mai fentin akirilik a ciki. Wadda aka fi sani ita ce Posca ta Japan, akwai kuma Molotow One4All ta Jamus wadda ake iya ƙara mata fenti in ya ƙare. Ni Posca nake riƙewa, kuma lambobin da ke jikinta girman baki suke nufi: PC-1M da PC-1MR bakinsu milimita 0.7 ne, na siraran layuka, PC-3M tana tsakanin 0.9 da 1.3, PC-5M tsakanin 1.8 da 2.5, ita ce ta cike fili, sai PC-8K mai faɗin milimita 8 wadda sai in babban abu za ka yi. Kar ka je ka kwaso kala talatin don zumuɗi. Kala huɗu ko biyar a PC-5M, baƙa da fara a PC-1M ko PC-3M, sun ishe ka aikin farko har da na biyu.

Gargaɗi tun a nan: baƙar makar ofis da ake rubutu da ita a jikin kwali ba ita ba ce. Tawadarta shiga cikin robar take yi, bayan 'yan watanni sai ka ga gefen layin ya yi naso ya koma shunayya-shunayya, kuma ko ka shafe wajen da farin fenti sai ta sake ɓullowa ta sama. Makar fenti mai mai, irin wadda makanikai ke rubutu da ita a taya ko ƙarfe, ita ma a'a. In ka buɗe marfi ka ji wari ya doki hancinka kamar na fentin mota, mayar da marfin ka ajiye.

Sauran kayan duk na gida ne ko na shagon unguwa: sabulun wanke-wanke na ruwa, tsohon burushin haƙori, sanfefa mai laushi lamba 400 da 600, salatif na takarda, fensir mai tauri irin H ko 2H, sifirit na kyamis, auduga mai tsinke ta goge kunne, tsinken sakace, tsinken tsire guda huɗu ko biyar, guntun soson katifa, babban kwali mai marfi, da safar hannu ta roba. Sai banish na ƙarshe, wato abin da ake rufe fentin da shi don kar ya goge, shi zan yi dogon bayaninsa a wajensa.

Kuɗi kuwa, da dala zan faɗa don naira ba ta tsayawa waje ɗaya. Maka ɗaya ta Posca a waje tana kamawa wajen dala 3 zuwa 5, saitin kala takwas ya fi sauƙi a kan ka saya ɗai-ɗai. Munny akwai ƙarami mai inci 4, akwai mai inci 7, akwai ƙato mai inci 18. Ƙaramin yana kai dala goma da 'yan kai, mai inci 7 ya ɗara ashirin, kuma kuɗin kawowa wani lokacin sai ya yi kusan kuɗin kayan. Shawarata, in za ka yi oda ka haɗa da marasa sunan nan masu arha guda biyu ko uku, a kansu za ka yi duk ɓarnarka ta koyo. Kuma in da hali fara da mai inci 7, mutane suna zaton ƙarami ya fi sauƙi, alhali a ƙarami ko hannunka ya ɗan yi rawa sai kowa ya gani.

2. Cire kai da hannaye

Za ka iya zanawa a haɗe, amma ƙarƙashin haɓa da hammata za su gagare ka, bakin maka ba ya shiga nan. Gara ka raba shi.

Kar ka ja da ƙarfi a sanyi, wuyan zai iya yagewa ko ya yi farin tabo. Ɗumama shi za ka yi. In akwai wuta, ɗauki draya ta gashi ka hura wa mahaɗar wuyan kamar minti ɗaya kana juyawa, sai ka ji robar ta yi laushi a hannu, ka murɗa kan a hankali ka karkata shi gefe, zai fito da ɗan ƙara "fok". In an ɗauke wuta, wanda shi ne ya fi yawa a wajenmu, tafasa ruwa ka bar shi ya ɗan huce minti biyu ko uku, ka zuba a kwano ka tsoma wajen na minti ɗaya zuwa biyu. Hannaye ma haka.

Hattara da abu biyu. Cikinsa rami ne, ruwan zafi yana shiga, in ka juya shi ba ka lura ba sai ya tsiyayo maka a hannu. Na biyu, kar ka kusantar da shi wuta kai tsaye, ba risho ba kyandir ba gawayi, robar nan narkewa take yi kuma hayaƙinta guba ne. Masu Funko su sani cewa nasu sau da yawa akwai gam a wuyan, sai an ɗumama sosai an bi a sannu.

Ka sa alama a cikin mahaɗar hannun da fensir, wanne ne dama wanne ne hagu. Za ka ce ai ba za ka manta ba. Za ka manta.

3. Wanki

Nan ne mutane suke tsallakewa, wai ai sabo ne dal daga kwali. Sabon ne ya fi buƙatar wankin, domin a masana'anta ana shafa wa mazubin wani abu mai santsi don robar ta fita ba tare da ta manne ba, kuma saurarsa tana nan a jiki ido ba ya gani. In ka ɗora maka a kai sai ka ga fentin yana tattarewa yana zama ɗigo-ɗigo kamar ruwa a kan ganyen gwaza.

Ruwan ɗumi, ɗigon sabulun wanke-wanke, ka bi ko'ina da burushin haƙori, bayan kunne, tsakanin ƙafafu, zoben wuya. Ɗauraye sosai har sai ka ji yatsanka yana turjewa a jikin maimakon ya zame. Kaɗe ruwan da ke ciki, ka kife kowane yanki a kan tsumma mai tsabta ramin yana kallon ƙasa, ka bar shi ya kwana. Na taɓa yin gaggawa na fara zane bayan awa biyu, ina cikin aiki na karkata jikin sai ga ɗigon ruwa ya gangaro daga wuya ya ja layi tun daga ƙirji har ƙafa.

Daga nan ba taɓawa da hannu tsirara. Maiƙon yatsa, balle in ka shafa mai ko ka gama cin ƙosai, ya isa ya hana fenti kamawa. Sa safar hannu, ko ka soka tsinken tsire a ramin kowane yanki ka naɗa salatif ya riƙe, ɗaya bakin tsinken ka soka a soson katifa. Shi ne mariƙinka kuma shi ne wajen shanyarka.

4. Sanfefa da shafin ƙasa

Posca tana hawa kan wankakkiyar farar roba kai tsaye, amma farce kaɗan ya karce ta sai ta tashi, don jikin ya cika santsi. Sai ka ɗan ba shi kaushi. Jiƙa sanfefar 600 ka bi jikin da zagaye-zagaye, ba dannawa, burinka kawai sheƙin ya mutu. In akwai layin mahaɗar mazubi da ya ɗan taso a gefen kai, nan ka ɗan tsaya da 400 ka kwantar da shi sannan ka bi da 600. Sake ɗaurayewa, sake shanyawa.

Kar ka ɗauko sanfefar kafinta mai lamba 80 ko 120, tsagar da za ta yi fenti ba ya rufe ta, ƙara fito da ita ma yake yi.

Bayan nan hanya biyu ce. Ko ka shafa jeso, farin abin nan da masu zane suke shafa wa kyalle kafin su fara, ka sirka shi da ruwa kaɗan ka yi shafi biyu ko uku sirara da burushi mai laushi, kowane shafi ya bushe kafin na gaba, a ƙarshe ka ɗan shafe da 600 don sawun burushi ya ɓace. Ko kuma ka yi feshi ɗaya siriri na Mr. Super Clear mara sheƙi, wani banish na feshi, wanda masu gyaran fuskar 'yan tsana a duniya suka daɗe suna amfani da shi, yana bar wa robar wani ɗan kaushi kamar takarda, har fensir ma yana kamawa. Ni na fi son na biyun in ina da shi, jeso in ya yi kauri yana cinye kyan siffar.

Babban gargaɗi: fentin gwangwani na feshi da ake sayarwa don ƙofar ƙarfe da babur, kar ya kusanci robar nan. Yawancinsu ba sa taɓa bushewa a kanta. Na farkon da na yi a rayuwata haka na kashe shi, na sayo gwangwani a wani shagon kayan gini na fesa, ya yi kyau ranar kamar me, washegari na taɓa sai ga sawun yatsana, na ce bari in ba shi sati, aka yi wata yana nan kamar an shafa masa zuma, ga hunturu ya shigo, ƙura da zaren bargo duk suka bi suka manne har ya koma kamar ɗan tsako. Duk wani abu da ba ka taɓa gwadawa ba, ɗiga shi a tafin ƙafar mutum-mutumin ka jira kwana biyu ko uku ka taɓa.

5. Zana a takarda, sannan a jiki

Zana siffar a takarda sau huɗu: gaba, baya, gefe, da ta sama. Ta saman nan ita ake mantawa, kuma kan Munny ya kusa rabin jikinsa, wanda ya tsaya a kan tebur ya kallo shi tsakiyar kan zai fara gani. Yi wa zanen kala da makokin da kake da su, don kalar marfi da kalar da ke fitowa bayan bushewa ba koyaushe suke zama ɗaya ba.

Abin da ya yi kyau a shimfiɗe a takarda yana karkacewa in ya hau abu mai zagaye, don haka aikin farko ka zaɓi zane mai manyan fili da layuka kaɗan. Wasu cikinmu ba sa son yin ido da baki saboda dalilinsu na addini, kuma gaskiya ba dole ba ne, mafi kyan waɗanda na yi babu fuska a jikinsu, ado ne kawai: zanen lalle, aska takwas ta babbar riga, ɗinkin hula, zayyanar bangon gidajen cikin birni.

A jikin robar, ja fensir sama-sama. Don samun tsakiya, zagaya robar ɗaure kuɗi daga tsakiyar kai ta ƙarƙashin haɓa, wata kuma a kwance ta goshi, ka bi gefensu da ɗigo-ɗigo, ka cire. Kar ka yi amfani da fensir mai laushi irin 2B, baƙinsa yana cakuɗuwa da farin fenti da ruwan ɗorawa ya mayar da su kamar an zuba toka. Biro kuwa matsalarsa ɗaya da makar ofis.

6. Tada maka

Sabuwar maka bakinta fari ne, ba fenti. Girgiza ta da marfinta a rufe har ka ji ɗan ƙwallon ciki yana ƙwas-ƙwas, ka ci gaba kamar rabin minti. Buɗe, ka danna bakin a kan guntun kwali ya shige ciki ya dawo, sau da yawa a hankali, har kalar ta sauko ta jiƙa shi. Ja layi biyu uku a kwalin ka ga yana fita daidai.

Kar ka taɓa danna bakin a jikin mutum-mutumin don ƙarin fenti. Lokaci ɗaya zai amayo maka tabki ya gangara. Kwalin gwaji yana gefenka koyaushe, can ake dannawa.

7. Cike manyan fili

Fara da kala masu haske ka tafi zuwa masu duhu, manyan wurare kafin ƙanana, layin baƙi a ƙarshe. Fentin Posca yana rufe na ƙasansa, har fari yana hawa kan baƙi in ya bushe, amma ruwan ɗorawa da ja da ruwan goro suna da rauni, in a kan duhu za su zauna sai ka fara shimfiɗa musu fari.

Ga inda ake faɗuwa. Shafin farko zai fito da zane-zane, wani wajen kauri wani wajen kana hango farin ƙasa, ranka zai ɓaci ka ce bari in koma in gyara. Kar ka koma. Fentin yana ɗanye, bakin maka in ya sake bi ta kai kwashe shi yake yi, sai ka ga wajen ya yi rami kuma bakin ya ɗauko ɓarɓashi. Ja layuka gefe da gefe ta fuska ɗaya, kowanne ya ɗan hau kan na kusa da shi, ka wuce, ka soka tsinken a soso ka rufe da kwali. Bayan minti goma sha biyar zuwa ashirin ka dawo ka yi shafi na biyu, wannan karon ka gitta, in na farko daga sama zuwa ƙasa ne na biyu ya zama daga hagu zuwa dama. Yawanci a na uku yake zama sumul.

Kan shuɗin Munny ɗin da na ambata a farko shafi uku ne na shuɗi mai duhu da PC-5M, kuma na raba shi gida huɗu kamar ɓawon lemo, ina gama gida ɗaya in juya tsinken in kama na gaba tun gefensa bai bushe ba don kar mahaɗar ta fito. Da ya bushe ƙarau na ɗauki fara PC-3M na fara ɗiga zobba daga tsakiyar kai, ɗigo ɗaya a tsakiya, shida kewaye da shi, goma sha biyu a zobe na gaba, ina faɗaɗawa har kunne, irin adon ɗaurin da ake gani a rinin Ƙofar Mata. Ɗigo yana son ka ɗora bakin a tsaye ka ɗaga a tsaye, in ka ja ko kaɗan sai ya zama waƙafi.

Yanayi ma yana da ta cewa. A zafin bazara ko iskar hunturu fentin yana bushewa tun yana bakin maka, don haka ka kashe fanka, ka rufe marfi duk lokacin da ka ajiye ko na minti ɗaya ne, ni da sassafe ko bayan isha'i nake yi. Da damina kuma ka ninka lokacin jira. Kwalin rufewar nan kar ka raina shi, ƙurar hunturu ba ta neman izini. Kuma kar ka kai shi rana wai ya yi saurin bushewa, robar tana laushi ta karkace.

Zoben wuya da mahaɗar hannu, inda roba ke gogar roba, bar su ba fenti, ko ka naɗe su da salatif tun farko. Duk fentin da ka sa a nan ranar haɗawa zai kankare ya zubo.

8. Layuka da ƙananan ado

Bar shi ya yi aƙalla awa biyu kafin ka zo nan, in ka bar shi ya kwana ya fi. Ɗauki PC-1M ko PC-3M. Dafa gwiwar hannunka a tebur, ƙaramin yatsanka ya jingina da tsinken ko da wajen da ya bushe, sannan maimakon ka yi ta yawo da maka, riƙe ta kusan waje ɗaya ka riƙa juya mutum-mutumin da ɗaya hannun. Dogon layi kar ka ce sai ka ja shi a numfashi ɗaya, yanka shi gajeru-gajeru, kowanne ya fara daga cikin ƙarshen na baya.

Siririn baki yana da tsini, in ka danna yana karce fentin ƙasa, kuma in ka tura shi gaba a kan kaushi yana fantsama ƙananan ɗigo. Ja shi ta wajenka, kar ka tura.

In kana son miƙaƙƙen layi da salatif, fara manna shi a bayan hannun rigarka sau biyu don ƙarfin gam ɗin ya ragu, ka manna, ka ja fentin daga kan salatif zuwa waje, ka cire shi a hankali tun fentin bai gama bushewa ba. Salatif mai ƙarfi a kan fentin da ba a yi wa banish ba, tare suke tashi.

Dagin ƙirjin ya ba ni wahala fiye da komai. Da ɗigo na fara, na sa alamar kowace kusurwa da kowace mahaɗa da fensir, na haɗa su da fari siriri, sannan na kaurara, kuma a kowace mahaɗa sai na tsaya na duba takardata in ga wane zare ne ke bi ta sama wane ne ta ƙasa. Sau biyu ina gogewa.

9. In an yi kuskure

In fentin yana ɗanye, auduga mai tsinke da ɗan ruwa ta isa, ka ɗauke shi da murzawa ɗaya ka canza baki. In ya bushe kuma ƙarami ne, kankare shi da tsinken sakace ko ka jira ka rufe da kalar ƙasa. In babba ne, sifirit a auduga yana cire shi, amma har na ƙasan zai tafi da shi, sai ka sake gina wajen shafi-shafi. Ruwan goge jan farce ka bar shi sai in duka za ka wanke ka koma farko, shi ma shafa-ka-ɗauraye ne da sauri, in ya jima yana cin robar, kuma in abin naka busasshiyar roba ce mai tauri narkar da ita zai yi.

Bakin maka in ya ɗauko wata kala ko ya toshe, zare shi ka wanke da ruwa ka mayar.

10. Banish

Fentin nan na ruwa ne, in ba ka rufe shi ba jiƙaƙƙen yatsa ma ya isa ya ɓata aikin sati guda. Amma nan ne kuma aka fi kashe aiki a minti ɗaya. Jira awa 24 cur bayan layin ƙarshe.

Na feshi ya fi, kuma wanda na yarda da shi a kan robar nan shi ne Mr. Super Clear ɗin da na ambata, akwai mara sheƙi akwai mai sheƙi. Matsalarsa samuwa, don gwangwanin feshi ba a cika yarda a ɗauko shi a jirgin sama ba, sai ka nemi masu kawo kaya ta ruwa ko shagon kayan zane da ke da shi. Girgiza gwangwanin minti biyu. Fita waje inda iska ke wucewa amma ba ƙura, sa takunkumi na gaske mai matatar sinadari, na kyalle ba ya tare wannan, kuma ba yara a kusa ba wuta a kusa. Nisa kamar santimita 25 zuwa 30. Fara fesawa a iska gefen abin, ka wuce ta kansa, ka saki bayan ka wuce. Shafin farko ya zama kamar hazo kawai, har ka ce anya ya taɓa kuwa. Shi ne yake kulle fentin. Jira minti ashirin zuwa talatin, yi na biyu, sannan na uku. In ka matso kusa ka jiƙa shi sharkaf a karon farko, layukanka za su narke su malala kana kallo.

Kar ka fesa ranar da hadari ya haɗu ko aka gama ruwa, laima tana sa shi ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, a kan kala mai duhu abin ba ya ɓoyuwa.

In na feshi ya gagara, akwai banish na akirilik na ruwa irin na Liquitex ko Vallejo da ake shafawa. Sai dai shi ruwa ne, fentinka ma na ruwa ne, in ka ja burushi sau biyu a waje ɗaya baƙi zai bi fari. Dabarar ita ce shafin farko ka ɗan dangwala da soso mai laushi, taɓa-ka-ɗaga, ba ja, ka bar shi ya bushe sosai, daga na biyu ka iya sa burushi. Gwada a kan na gwajinka tukuna. Banish ɗin kafinta na katako da farin jan farce kuwa, su ne suka jawo rabin saƙonnin "nawa yana danƙo", na katakon ma har jaja-jaja yake komawa.

11. Haɗawa da ajiya

Ba banish kwana biyu. Cire salatif ɗin mahaɗa. Wannan karon ba ruwan zafi, draya kawai, daga ɗan nesa, kuma bakin ramin za ka ɗumama ya yi laushi, ɗaya yankin ya zauna a sanyi da taurinsa. Riƙe da tsumma mai laushi, sa gefe ɗaya na mahaɗar ya fara shiga sannan ka danna sauran, hannaye tukuna sannan kai. In ba wuta, jira a kawo, kar ka tura da ƙarfi a sanyi, banish ɗin gefen wuya zai tsage.

Ajiye shi inda rana ba ta dukansa, ba a taga ba, ba a gaban mota ba. Ƙura kuma busasshen burushi mai laushi, irin na kwalliya, ba jiƙaƙƙen tsumma ba. In za ka aika wa wani ko ka sayar, fara naɗe shi da farar takarda mai laushi kafin leda mai ƙurajen iska, don ledar in ta kwana a jikin fenti cikin zafi sai ta bar masa sawun zobba. Kuma ka gaya wa wanda ya karɓa cewa na ajiya ne a kanta, ba na hannun yaro mai kai komai baki ba. Makokin kuma ka danna marfinsu har ka ji ya yi ƙas, ka kwantar da su a akwati nesa da zafi.